Muryata a Rediyon Mutane

Shekarar da kamfani ya rage ma'aikata, maigidana yana cikin waɗanda aka sallama. Aikin kuran, wato wutar lantarki, yake yi a ma'adinin Arlit tun kafin a kawo ni daga Damagaram, kuma hannunsa bai saba zama haka nan ba. Muka bar gidan site na kamfani mai famfo a tsakar gida, muka koma bayan gari, inda ake yin katanga da tano, wato gangar ƙarfe, da aka fasa aka miƙe, da guntayen kwano. Ruwan sama kuma ya ƙi zuba a daji. Kullum sai ka ga sabuwar bukka a gefen unguwa, mutanen daji sun shigo ba raƙumi ba akuya, daga tabarma sai butar shayi. A bakin gari akwai shinge, masu kaki suna duba kowace mota, don ƴan tawaye suna tare hanyar Agadas. Mutum ya koyi yin magana ƙasa-ƙasa ko a cikin ɗakinsa.

Maigidana yana da aboki, wani Ba'adare dogo mai yawan barkwanci, wanda aka sallame su tare. Shi ya samo kamarar bidiyo, suka haɗa kai suna ɗaukar biki da suna. Hoto yana fita tas, sauti ne ciwon kai. Kamara sai ta kwashi iska da kukan awaki da surutun duk wanda ya tsaya kusa da ita, mai waƙa kuwa ka ji shi kamar daga cikin rijiya. Suka ja waya daga mikoro har zuwa kamara. A bikin farko wata tsohuwa ta harɗe da ita, ta faɗi da kwanon tuwo a hannu, saura kaɗan ta jawo kamarar ƙasa. Ba'adare ya dawo yana cewa ya ga lahira ya dawo.

Daga nan maigidana ya zauna a inuwar ɗaki da ƙarfen dalmarsa, ya haɗa dabararsa. Akwai akwatin haɗa sauti, wanda ake soka mikoro biyu a jikinsa, a ɗaga wannan a sauke wancan, da wata allura mai rawa idan ana magana. A gefen akwatin ya ɗaura wani abu da ya ƙera cikin gwangwanin sardin, da ɗan tsinken ƙarfe a tsaye. Gwangwanin nan ne ke karɓar sautin da ya fito daga akwati ya watsa shi a iska. Can a jikin kamara kuma sai a ɗaure ƙaramar rediyo ta aljihu da roba, a murɗa ta har ta kamo, a soka wayarta a kamara. Idan an samu aron kamara ta biyu, ita ma a ɗaura mata tata rediyon, duka biyu su sha daga akwati ɗaya. Ba waya a ƙasa, ba tsohuwar da za ta faɗi.

Ranar da ya gwada a gida, na yi masa sallama daga madafa, muryata ta fito a ƙofar gida. Na ce, "To ka amsa mana."

Ya leƙo yana dariya. "Ai ba ta dawowa. Tafiya kawai take. Ke ki faɗa, mu mu ji."

Maƙwabciyata ta jikin katanga Ba'abziniya ce, mace mai sanyin hali, mijinta direban kar ɗin kamfani ne mai kai ma'aikata ma'adini. Da na yi zazzabin da ya kusa tafiya da ni, ita ta riƙe mini yara. Sai Allah ya sauke ta lafiya, namiji, bayan ta daɗe tana nema. Mijin ya ce lallai a ɗauki sunan a kaset, domin danginsa sun warwatse, yana son ya aika musu.

Su maigidana ba su da injin gyara kaset. Abin da ya shiga lokacin ɗauka shi ke nan. Direban kuwa yana son a ga maza a waje ana raba goro da dabino, amma a riƙa jin kiɗan tende da mata ke yi a ciki. Maigidana ya ce shi ba zai kutsa cikin matan mutane ya zauna ba. Ya dube ni.

"Kin yi kolej. Allura ce kawai. In ta shiga ja ki sauke, in ta kwanta ki ɗaga."

Haka na samu kaina a kan tabarma a tsakar gidan maƙwabciyata, akwati a cinya, abin ji a kunne bisa ɗankwali. Da aka gwada, sai rediyon kamara ta riƙa shuuu, murya tana yankewa. Maigidana ya ce katangar tano ce ke tare ta. Shi kuma mutum ne da ya yi aiki a inda ake son komai da ƙarfi, in ka ce masa ya ɗaura fitila sai ya ɗaura wadda za ta haska unguwa. Ya kawo doguwar waya, ya haɗa da tsinken gwangwani, ya ɗaure ɗaya bakin a kan sandar da ta fi rufin ɗaki tsawo. Nan take sauti ya fita garau. Ba wanda ya tambayi inda kuma yake zuwa bayan kamara.

Mata suka ɗaure fata a bakin turmi, suka jiƙa ta, aka fara kiɗa da tafi da guɗa. Ni Tamajak ɗina, yarensu na Buzaye, bai wuce gaisuwa da cinikin cuku ba. Can sai aka matsa wa wata tsohuwa, uwar direban, wadda fari ya koro daga daji, ta yi waƙa. Ta rame har zobenta yana yawo a yatsa. Muryarta ba ta da ƙarfi, allura ta kwanta, sai na miƙa mikoro na ce, "Bismillah, Inna, matso kusa, ba ya cizo." Mata suka yi dariya. Ta fara waƙa. Na ji tana kiran sunan ɗanta, na ji sunayen wurare, sauran ban gane ba. Amma na ga matan sun daina tafi, wasu sun ja mayafi sun rufe fuska. Maƙwabciyata ta raɗa mini cewa rijiyoyinsu na cikin duwatsu take lissafawa, da raƙuman da suka mutu a bakin kowace. Ni ma na yi hawaye, amma idona yana kan allura.

Washegari da hantsi na je famfon unguwa. Layi ya yi tsawo, jarkoki a jere, mata kuma sun haɗa kai wuri ɗaya suna ƙus-ƙus. Matar mai butik, kantin unguwarmu, ce ke ba da labari.

"Wallahi da kunnena na ji. Mai gidanmu yana murɗa rediyo, hannunsa ya taɓa wajen nan da ba a jin komai sai shuuu, sai ga kiɗan Buzaye raɗau. Sun buɗe gidan rediyo, ƴan tawaye, a cikin garin nan."

"A'uzubillahi!"

"An ce har Akokan an ji."

"An ce wata tsohuwa ce ke faɗa musu rijiyoyin da za su haɗu."

"Kuma akwai Bahaushiya cikinsu," in ji matar mai butik. "Hausarta irin ta gabas. Ta ce, Inna matso kusa, ba ya cizo. Kin ji rashin kunya."

Ban san yadda jarkata ta cika ba. Ruwa yana zuba a ƙafata, wata ta taɓa ni ta ce, "Ke, ruwan nan da wuya ake samunsa." Na ɗauka na tafi, ina jin kamar kowa yana kallon bayana. A hanya na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ban kai ƙarshenta ba sai in kama wata.

Na tarar da maigidana yana goge mikoro da tsumma. Na faɗa masa. Ya ajiye tsumman a hankali, ya ɗaga kai ya dubi sandar nan, wayar tana nan tana lilo a samanta. Ya hau tano ya kwance ta, ya naɗe.

Kafin azahar muka ji ihu ta bayan katanga. An tare kar a shinge, an sauke direban a gaban ma'aikata, an tafi da shi. Wani ya gane sunan da tsohuwa ta yi ta kira. Na shiga na tarar da maƙwabciyata zaune da jariri a cinya, nono yana zuba ta cikin riga, ba ta ma sani ba. Tsohuwar tana ƙofar ɗaki ta kifa kai. A wancan zamani, in aka ce an tafi da mutum kan maganar tawaye, ba wanda ke tambayar yaushe zai dawo.

Na koma gida. Na ce, "Maigida, ka ba ni gwangwanin nan in jefa a masai. Akwatin mu haƙa rami a madafa. Ba wanda ya san naka ne."

"Duk wanda ya ci goron suna ya ga sandar."

"Ba za su faɗa ba."

"To shi fa?" Ya nuna katangar gidan direban da haɓa. "In na binne wannan, shi na binne."

"In ka je kai ma ba za su sake ka ba. Yaran nan fa? Ni fa, wa na sani a garin nan?"

Ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, "Ki ɗauko mini rigata mai tsabta."

Na san gaskiyarsa, kuma na ƙi ta a lokaci guda. Na shiga ɗaki na yi alwala, na yi azahar, na daɗe a sujada ina roƙon abu ɗaya tak, a dawo mini da shi. Da na sallame sai na ɗauki mayafi. Ya ce ina za ni. Na ce muryar da aka ji tawa ce, in ya je shi kaɗai za su tambayi Bahaushiyar, gara su gan ta da ƙafarta ta zo. Muka bar yara wajen wata Bamaraɗiya mai zuwa coci, wadda gidanta ke fuskantar namu. Ba ta tambaye mu komai ba, ta dai riƙe hannuna ta ce za ta yi mana addu'a.

Ba'adare ya zo da kamara a cikin buhu. Tun daga unguwa har bakin sansanin masu kaki bai yi wasa ko ɗaya ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan.

Aka bar mu a rana har inuwa ta fara tsawo. Sannan aka shigar da mu wani ofis mai kaurin bango, da panka da ba ta juyawa. Babbansu mutum ne mai furfura a gefen kai, idanunsa ja kamar wanda bai yi barci ba. Maigidana ya yi bayani da Faransanci, ya jera kaya a tebur. Ba'adare ya mayar da kaset baya, babban ya sa ido a ɗan tagar kamara ya kalla, abin ji a kunnensa. Ya ga rago, ya ga liman, ya ga direban yana raba dabino yana washe baki, ya ji tsohuwa. Ya kira wani soja mai jin Tamajak, shi ma ya saurara, ya ce, "Shef, kukan dabbobinta da suka mutu take."

Na fara sakin numfashi. Sai babban ya ɗauki gwangwanin sardin da yatsa biyu, ya juya shi.

"Suna na gani, na yarda. Amma wannan? Wannan ne aka ji a rabin gari? Malam, ni za ka mayar yaro? Ina babban injin?"

"Wallahi, shef, babu wani inji. Shi ke nan."

"To za mu gani." Ya jawo rediyonsa daga kan kabad ya dangwarar a tebur, ya ce maigidana ya murɗa ta inda ya dace. Sannan ya dube ni. "Madam, ke ce mai cewa ba ya cizo? Ɗauki kayanki. A kai ta can ƙarshen fili, bayan garejin motoci. In na ji ki a nan, magana ta ƙare. In ban ji ki ba, mijinki zai zauna da mu har ya tuna inda ya ajiye injin."

Maigidana ya miƙo mini naɗin wayar nan. Ya ce, "Ki sa a ɗaga ta sama." Bai samu ƙara komai ba, aka fitar da ni.

Filin yana da faɗi, ƙasa tana ƙuna ta cikin takalmi. Sojan da ya raka ni ya kai ni bayan gareji, inda ba na hango ko ƙofar ofis. Na durƙusa na ajiye akwati a cinya. Sai na tuna pil ɗin da ke ciki, wato batura, su ne na jiya, sun yi wunin suna cur, ba wanda ya yi tunanin canza su. Yatsuna suka ƙi murɗa waya a jikin tsinke, sai da na yi da haƙori. Na roƙi sojan ya ɗaga mini ɗaya bakin. Ya duba hagu da dama, ya samo sandar tsintsiya, ya ɗaura, ya ɗaga sama, bindiga a kafaɗa ɗaya, tsintsiya a ɗaya hannun.

Na kunna. Allura ta motsa kaɗan.

Na ce, "Salamu alaikum."

Shiru. Na san ba za a amsa ba, amma duk da haka na tsaya jira. Na sake sallama. Na ce ɗaya, biyu, uku, yadda na ji maigidana yana yi. Ba abin da ya canza a filin, sai wani ƙadangare da ya gudu ƙarƙashin taya. Ko muryata ta kai, ko bangon ya tare ta, ko ta mutu a tsakiyar fili, ba ni da hanyar sani.

"Ci gaba, Madam," in ji sojan. "Hannuna ya fara gajiya."

Me zan ce? Na yi salati. Na yi istigfari. Na faɗi garinmu da unguwarmu a Damagaram, na ce ni matar aure ce, ban san kowa a daji ba, ban taɓa riƙe ko wuƙar da ta wuce ta yanka albasa ba. Allura ta fara kasala, tana tashi da ƙyar. Na matso da mikoro har yana taɓa leɓena, na ɗaga murya. Na ce maƙwabciyata tana da jariri ɗan kwana kaɗan, tun safe ba ta sa komai a bakinta ba. Na ce tsohuwar nan ba ta da ko akuya, rijiyoyin da ta kira duk sun ƙafe. Daga nan ban ƙara sanin da wa nake magana ba.

"Maigida, in kana ji na, ka yi haƙuri da abin da na ce ɗazu. Na bar wake a wuta, na ce wa Bamaraɗiya ta sauke, ban sani ba ko ta ji. Ban sa kanwa ba. Ƙaramin bai sha maganinsa ba, yana kan taga cikin kofi. Maigida, ka ce musu su duba pil, in ba a ji ba laifin pil ne, ba naka ba ne. Ya Allah, ka kai. Ya Allah, ka kai musu."

Ina magana ina kuka, allura kuma ta kusa kwanciya gaba ɗaya. Sai na ji takun takalmi a kan tsakuwa. Na rufe ido. Na ce a raina shi ke nan, sun zo su ce in tafi gida ni kaɗai.

Wani soja ne, ya tsaya a kaina yana danne dariya.

"Madam, shef ya ce ya isa haka. Ya ce a je a sa wa waken nan kanwa."

Mai tsintsiya ya sauke hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, kafaɗata."

Na tashi, na ɗauki akwati, na bi su.

Ba su sake mu nan da nan ba. Aka riƙe akwati da gwangwani da ƙananan rediyo da kaset ɗin sunan. Kamara kaɗai aka mayar wa Ba'adare. Babban ya yi wa maigidana faɗa mai tsawo, ya ce a irin wannan lokaci wanda ya watsa ko tari a iska ba da izini ba, kansa ya jawo wa. Maigidana yana ta cewa, "Na ji, shef." Da ya tambayi direban, aka ce wannan ba ruwansa, za a duba.

La'asar ta yi sanyi muka fito, mu uku. Maigidana yana tafe a gabana hannu biyu babu komai, ina kallon bayan rigarsa da gumi ya jiƙa. Sai da muka wuce shinge Ba'adare ya buɗe baki.

"Kai, mutumina, ashe haka ake ji da kai a gida? Ni tawa da an ba ta mikoron nan, cewa za ta yi a riƙe ni sai bayan salla."

Maigidana bai yi dariya ba. Ya rage tafiya har na iso shi, muka jera, abin da ba mu taɓa yi a titi ba.

Direban ya dawo bayan wasu kwanaki, ya rame, ba ya son magana, kuma kamfani ya ba wani kar ɗinsa. Ba su daɗe ba suka ɗaure kaya za su bi ayarin motoci zuwa Agadas. Da safen da za su tafi, maƙwabciyata ta shigo mini sallama, jariri a goye. Muka yi kuka, muka yafi juna. Har ta kai ƙofa sai ta juyo, cikin Hausarta mai taushi ta ce ko kaset ɗin sunan yaron ya samu, tana son in ya girma ya ji muryar kakarsa.

Na ce mata yana wajen masu kaki. Ta gyaɗa kai, ta gyara goyo, ta fita.